Kek ɗin biki a zafin Afrilu, daga Katsina zuwa Daura

Da aka sa ranar bikin ƙanwata a watan Afrilu, aka raba aiki: wannan ta ɗauki anko, waccan gara, ni aka ɗora mini kek. Mu a Katsina muke, dina kuma a Daura za a yi, garin ango, tafiyar kusan kilomita 80. Amarya ta daɗe da ajiye hoton wanda take so a waya: hawa huɗu, fari fat, an shafe shi da kirim mai laushi.

Matar da za ta yi mana, can wajen Ƙofar Ƙaura, ko gama kallon hoton ba ta yi ba ta fara jero tambaya. "Hajiya, ƙarfe nawa za a yanka? A hol ne ko ƙarƙashin rumfa? Akwai janareto? Wa zai ɗauka?" Da na ce Daura, sai ta miƙo mini wayar ta ce wannan ba zai kai ba. Irin wannan kirim da bota ake yin sa, ita kuma bota tana fara narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, Katsina kuwa a Afrilu rana na haura 40. Kirim na madara ya fi muni, don shi ban da narkewa har lalacewa yake yi, a ci a kwana ana ciwon ciki.

Muka tsaya a kan fondan, wato kwaɓin sukarin nan da ake murzawa a lulluɓe kek da shi. Ni dai bai dame ni ba, zaƙinsa ya yi yawa, kuma rabin mutane ɓare shi suke yi su ajiye a gefen faranti. Amma yana jure zafi. Sai dai ta ce a ƙarƙashinsa ma akwai shafen bota, in ya yi laushi sai ka ga gefen kek ya yi tumbi, shi ya sa ta shafa shi siriri, ta haɗa da daskararren man gasa kek wanda bai saurin narkewa. Hawa biyu na sama kuma na bogi ne, farin soson nan mai tauri da ake tallafe talabijin da shi a kwali, aka yi masa ado iri ɗaya da na ƙasa. Nauyi ya ragu, kuɗi ma ya ragu. Na rabon baƙi daban aka gasa a tire, babu ado, aka yayyanka aka ƙulla a leda. Amarya ta ɗan kumbura baki, Gwaggo ta ce mata alkaki da dubulan da aka kai su da shi ɗaki babu wanda ya taɓa nema musu firji.

Ɗaukar ita ce babban aiki. Muka tashi bayan sallar Asuba, kowane hawa a kwalinsa. An kunna iyakwandishan motar ta yi sanyi kafin a sa su. Ba a but ba, can tanda ce. Ba a kan kujera ba, don a karkace take, kuma ba a cinya ba, ɗumin jiki kaɗai ya isa ya sassauta shi. A ƙasan mota muka jera su kan tawul don kada su zame, muka rufe tagar da rana ke bugowa da zane. Duk inda aka zo tudun rage gudu a garuruwan hanya sai na ce, "Malam, a hankali don Allah," har direban ya fara rigana faɗa.

A Daura muka sa su a ɗaki mai iyakwandishan, na kulle na riƙe makulli saboda yara. Ba mu sa a firji ba. Fondan in ya fito daga sanyi ya haɗu da iska mai ɗumi gumi yake yi, ya yi danƙo, kalar ado ta zubo, musamman in damina ta kusa. Da azahar aka ɗauke wuta, amma tun da safe na sa an sayo man janareto.

Sai bayan Magariba aka haɗa hawan a hol. Masu ado sun so a ajiye shi ƙarƙashin manyan fitilun hoto, na ce a matsar da teburin gefe, nesa da su da kuma sifika. Na kuma roƙi mai gabatarwa ya sa yanka kek da wuri, tunda dinar da aka rubuta ƙarfe 8 kowa ya san lokacin da take farawa. An yanka shi a tsaye ƙyam, fure ɗaya ne kawai ya ɗan langaɓe. Abin da ya rage a daren muka rabar, hawan bogin kuma washegari na mayar wa mai su, don haya ne.