Godiya Bayan Arba'in

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa da na nesa. Jiya na cika arba'in, na taka har ƙofar gida da ƙafata, shi ya sa na ce ba zan ƙara kwana ban gode muku ba.

Na kusa sun san yadda abin ya zo. Naƙuda ta tashi da tsakar dare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, yaron ya zo a gicciye, likita ya ce sai an yi aiki. Chèque Santé, katin lafiyar mata masu ciki na gwamnatin Kamaru, da na yanka jaka 6 na sefa tun cikin yana wata 3, shi ya ɗauki awo da hoton ciki da aikin kansa, da duba ni da jariri har kwana 42. Ungozomar da ta matsa mini in yanki katin alhali ina ta ja da baya, Allah ya saka mata da Aljanna.

Amma asibiti ba ya ciyar da mai ciki. Damina ta tsaya, babur ɗin maigida ya lalace, hatsi ya yi tsada. A nan ne kuɗin Filets Sociaux, tallafin gwamnati ga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, suka rufa mana asiri: jaka 20 duk wata 2, kuma a hannuna ake damƙawa. Wani zai ce me jaka 20 za ta yi? Da ita na daina zaman suyar ƙosai gaban wuta da cikin wata 8 da kumburarrun ƙafafu. Na sayi gero da wake da ɗan kifin Binuwai, nono ya zo wadatacce. Akuyarmu guda ɗaya tana nan ba mu sayar ba. Babbar 'yata ta koma makaranta a watan Satumba, ba ta ɗauki farantin talla ba. Abin da ya fi kwantar mini da rai, gardamar kuɗin cefane ta kau tsakanina da baban yara, har ya samu ya gyara babur.

Akwai mata masu ciki a layinmu da sunansu bai fito ba, kuma wallahi wasu sun fi ni buƙata. Masu rubuta suna, don Allah ku sake zagayowa.

Matan adashinmu da kuka bar mini kwasar farko, maƙwabcin da ya kai ni asibiti cikin ruwan nan, ƙanin maigida da ya ba da jini, na gode, na gode. Goggo, kwana 40 kina tashi da asuba dafa ruwan wanka da dama kunun kanwa, Allah ya ƙara miki lafiya. Tukunyarki gobe yara za su kawo.