Daga buroshi zuwa ɗakin da ake shiga da tabarau

Masu zuwa ɗan kamfaninmu, inda muke gina wa likitoci wuraren kwamfuta da marar lafiya ke gani ta tabarau na musamman kamar yana ciki, kan tambaye ni ko ni mai zane ne, ko masanin halayyar ɗan Adam, ko mai gina duniyar kwamfuta. Duka ukun nake yi, kuma a wurina aiki ɗaya ne.

Da fenti na fara. Malamina, Allah ya saka masa da alheri, bai bar ni na taɓa launi ba sai da na iya inuwa da gawayi. Yakan ɗora farin ƙwai a kan farin ƙyalle ya ce in zana. Da farko fari kawai kake gani, sai ido ya buɗe ka ga toka-toka, ka ga ɗan hasken da ƙyallen ke mayarwa ƙarƙashin ƙwan. Da wannan idon nake cin abinci har yau.

A jami'a na karanci halayyar ɗan Adam, can na ci karo da binciken Barbara Rothbaum da Larry Hodges na 1995 a Amurka. Sun sa wa masu tsoron tsayi tabarau na kwamfuta, suka riƙa hawa da su gada da baranda da lif na gilashi sannu a hankali, tsoron kuwa ya ragu. Irin waɗannan wurare muke gina wa likitoci yanzu.

Kowane ɗaki a takarda nake fara shi, da fentin ruwa, kafin a buɗe Blender ko Unity, manhajojin da ake gina shi da su a kwamfuta. Nakan daɗe a kan tsayin rufi da inda haske zai faɗo, domin mai fargaba ƙofar fita yake fara nema da ido, dole ya same ta nan take. Hoton kuma ya riƙa sauyawa kamar sau 90 a daƙiƙa, in ya gaza sai jiri da tashin zuciya.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu sayen kujeru da bango na kwamfuta da aka riga aka ƙera a intanet, su harhaɗa su ce sun gina. Sai mai ba da aiki ya zo yana taya mana rabin kuɗi, wai wane zai gama a mako guda. An taɓa kawo mana irin wannan mu gyara: inuwar tebur ta yi gabas, ta kujera ta yi yamma, marar lafiya ya cire tabarau yana gumi bai san dalili ba. Na ce ba ma faci a kan aikin wani. Rushewa muka yi, muka koma takarda.