Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har mashin ɗin ya tashi

Alhamdulillahi, ya tashi. Jiya bayan la'asar, a kik na uku, hayaƙi ya turnuƙe layin har yara suka watse. Ni kuwa zubewa na yi a kan benci, ƙafafuna sun kasa ɗaukata.

Kun san tun watan Yunin 2022 da aka hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa na lulluɓe mashin ɗin nan nawa ƙirar Boxer da tamfol a bayan ɗaki, kun kuma san jinyar da ta biyo baya. Damina biyu yana ajiye, iskar Legas kuwa ba ta raga wa ƙarfe. Ranar da na yaye tamfol ko kik bai motsa ba.

Babanmu makanike na bakin layin dogo a Agege, na san ba kwa son a ambace ku, amma ku yi mini haƙuri yau. Ku kuka cire fulogi kuka tsiyaya kananzir da baƙin mai ta ramin, kuka ce a bar shi ya sha kwana uku. Kullum da safe ku sa giya kuna jijjiga tayar baya a hankali, har fistin, ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikin injin, ya saki. Da aka buɗe injin sai ga ringi, wato zobban da ke jikin fistin, sun nutse a cikin raminsu, tsatsa da kunkunniya sun riƙe su gam.

Abin da ya kasa barin raina shi ne magaribar nan. Kun tafi masallaci, ni kuma haƙurina ya ƙare, ga kuɗin ɗaki ana bina. Na ɗauki sukudireba na soka bakinta a gefen ringi zan ɓamɓare. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu, hannun ma da sauran danshin alwala. "Ɗana, ajiye. Ringi karyewa yake yi, in kuma ka karce fistin ka jawo wa kanka kuɗin da ba ka da su." Ko faɗa ba ku yi mini ba. Kuka sa aka tafasa ruwa aka tsoma fistin ya yi zafi, kuna ƙwanƙwasa shi da ƙotar katako, kuna kankare dauɗar da guntun tsohon ringi, har na sama ya juya a ƙarƙashin babban yatsanku. Wallahi sai da na yi hawaye.

Allah ya saka muku da Aljanna, Baba. Allah ya jiƙan iyayenku, ya raya zuri'arku, ya sa hannun nan ya karɓi littafinsa ta dama. Mama mai tuwo da ta ara mana murhu ta kuma ciyar da ni sati guda ba ta tambayi kwabo ba, Allah ya kai ki Makka. Bayaraben da ya ba ni fulogi da mai bashi, Allah ya buɗa kasuwarsa.

'Yan'uwana na Mile 12 da suka ce a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo, ba komai. Na dai yi zaton ko sau ɗaya wani zai leƙo.

Litinin in sha Allahu zan fara kai burodi wajen Sango. Baba ya ce ban da gudu, in kuma dawo ya canza mini mai bayan sati ɗaya. A ci gaba da sa ni a addu'a.