Taɗiya tara da na sha a hannun wani yaro a gasar Tekken

Har yau bidiyon yana cikin wayata, kuma duk sanda na kalle shi sai raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru. Abokina ne ya ɗauka daga bayan kujerata, hoton na rawa, ƙarar janareta ta kusa danne sautin gem ɗin. Gasar Tekken 7 ce, gem ɗin faɗa na mutum biyu, da wani gidan gem na unguwarmu a Kano ya shirya bayan ƙaramar Sallar 2022. Mu 24 muka shiga, kowa ya ajiye naira 2,000. Na je da yaƙinin cewa kuɗin nan nawa ne. A karawa ta uku aka yi waje da ni, kuma wanda ya yi wajen da ni yaro ne ɗan sakandare, bai fi shekara 15 ba. Bryan ya ɗauka cikin 'yan wasan gem ɗin, ya gama da ni da taɗiyar nan da kowane ɗan Tekken ya sani, wato Snake Edge.

Wata huɗu na yi ina shirin gasar. Kullum bayan isha'i sai na zauna awa biyu da Kazuya, ɗan wasan da nake riƙewa, a ɗakin atisaye na gem ɗin, abu ɗaya nake nema: lantarki, wato naushin nan mai walƙiya da ke ɗaga mutum sama. Masu riƙe 'yan gidan Mishima, dangin su Kazuya, sun san wahalarsa. Gaba, ka saki, ƙasa, sannan ƙasa-gaba da 2 (maɓallin naushin dama) su faɗi a firem ɗaya, wato hoto ɗaya na motsi, a gem ɗin da ke tafiya da firem 60 a kowace daƙiƙa. Babban yatsana har kanta ya yi. Na kai matsayin da nake fitar da takwas cikin goma, ina jera uku a kombo ɗaya, wato jerin dukan da ba a iya tarewa in na farko ya shiga. Idan na zauna a gidan gem yara kan taru a bayana, duk sanda wutar ta yi walƙiya a hannun Kazuya sai ka ji ihu. Wannan ihun ne ya cuce ni. Wata huɗu ina dukan mutum-mutumin da ke tsaye ƙiƙam ba ya ramawa, ina ganin na iya faɗa.

Wasan farko na karawarmu ni na ci, turmi 3 da 1, har na jingina da kujera. A na biyu yaron ya fara sakin taɗiyar. Ta farko ta kwashe ni, ya ɗaga ni sama ya sha mini kusan kashi ɗaya cikin uku na jinina. Na ce a raina sa'a ce. Ya sake. Ya kuma sakewa. Snake Edge fa ba duka ba ne mai sauri, kusan rabin daƙiƙa take ɗauka kafin ta iso, Bryan sai ya sunkuya ya juya jikinsa gaba ɗaya a gabanka. Wanda ya tare ta kuwa ya samu garaɓasa, domin tana barin Bryan a buɗe yadda kusan kowa zai ɗaga shi. Na san duk wannan. Da za ka tsayar da ni a bakin ƙofa ka tambaye ni, da na yi maka bayani tiryan-tiryan. Amma hannuna bai taɓa yin aikin ba ko sau ɗaya, kuma abin da ke ka daban, abin da ke yatsa daban.

Turmin ƙarshe shi ne wanda nake maimaitawa. Kowa na da turmi biyu a wasa na uku. Jinina ya yi ƙasa, Kazuya ya yi ja, alamar ya kusa faɗuwa, shi ma Bryan saura masa abin da kombo ɗaya zai ƙarar. Agogo na nuna saura daƙiƙa ashirin da wani abu, babu abin da ke kora ta. A bidiyon ana ganin kafaɗata ta ɗaga, na matso bakin kujera. Ya sunkuya, ya juya, na tsaya ina kallo, ƙafar ta kwashe ni karo na tara. Ya yi kuskure a kombon, na tashi da ɗan guntun jini. Allah ya ba ni dama ta biyu ke nan. Me na yi da ita? Na danna maɓallin R1 don haushi, na saki Rage Art, babban dukan da ake samu idan an yi ja, a kan mutumin da ke tsaye yana tarewa, bai ko motsa ba. Ya tare, ya ɗaga ni, aka gama.

Abin da na yi bayan nan shi ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa. Na ce talabijin ɗin tana da jinkiri. Na ce hannun gem ɗin da aka ba ni maɓallinsa na ƙasa ya saki. Na ce wasan yaron ba wasa ba ne, abu ɗaya yake ta maimaitawa. Shi kuwa ya miƙo mini hannu cikin ladabi ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Tun karawarka ta farko nake kallonka, na ga ba ka durƙusawa." Mai gidan gem ɗin, wanda ya girme mu duka, bai sassauta mini ba. Ya ce, "Ƙanina, in abu ɗaya ne me ya hana ka tare shi? Talabijin ɗin da ka kalla ita ya kalla."

Mako biyu ban taɓa gem ɗin ba. Ranar da na iya buɗe bidiyon, na ɗauko takarda da biro na yi ƙidaya. Sau 11 ya saki taɗiyar a karawar. Tara sun same ni, biyu sun wuce a iska saboda nisa, ban tare ko ɗaya ba. Lantarkin da na kashe wa wata huɗu sau biyu kacal ya same shi. Na kuma ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba: idona a kan Kazuya yake. Ina kallon kaina ina jiran inda zan saka abin da na haddace, abokin karawata kuwa sai dai in gan shi da wutsiyar ido. Wanda ba ya kallon mutum ta yaya zai ga ya sunkuya?

Daga ranar na juya atisayen. Ɗakin atisaye na Tekken 7 yana ba ka damar naɗar motsin abokin karawa har guda biyar, kwamfuta ta riƙa sako su a hargitse. Na ɗauki Bryan na naɗi Snake Edge a gurbi ɗaya, sauran huɗun na cika su da dukan tsakiya da naushi da kamu, yadda ba zan san mai zuwa ba. Dokar da na kafa wa kaina ita ce ba na kai duka sai na tare. Makon farko abin takaici ne. Ko dai in durƙusa a makare, ko in durƙusa tun bai yi komai ba in sha ƙafa a fuska. A mako na biyu idona ya fara kama sunkuyawar, sai wata matsala ta fito: in tare, in daskare don murna, damar ta wuce. Sai da na ware wasu kwanakin don haɗa tarewar da ramuwa, wato Twin Pistons daga durƙushe, wanda ke fita a firem 13 ya ɗaga mutum. Minti 20 kullum, ba awa biyu ba. Na gane cewa idan na wuce haka ido ya gaji, sai in koma cinke maimakon gani, kuma cinken ne nake son in kashe.

Ina roƙon duk mai shirin gasa ya ji wannan da kyau. Ka nemi wanda zai ɗauki wasanka a waya, musamman wanda aka cinye ka, ka ƙirga abin da ya sha maka jini. Kada ka ƙirga abin da ka yi mai kyau, wannan zuciyarka za ta riƙe maka shi ko ba ka so. Abin da ya fi yawa a takardar, shi ne atisayenka na wannan watan. Kombo mai sauƙi guda ɗaya da ba ya suɓuce maka ya ishe ka shiga gasa. Lambobin firem uku kuma sun ishi mai farawa: 10, saurin naushin farko na yawancin 'yan wasa, 13, tsawon lokacin da yawancin tsallen shuri ke barin mai shi a buɗe idan an tare, 15, saurin yawancin dukan da ke ɗaga mutum sama daga tsaye. Ni na san lambobin nan tun kafin gasar, na bar su a ka ina ta neman walƙiya.

Na koma na nemi yaron. Wannan ya fi mini atisayen wuya. Na ce masa, "Ƙanena, ni zan biya kuɗin awa, mu riƙa yin wasa goma-goma duk Asabar." Ya yi dariya ya ce, "To, Yaya." Asabar ta farko 10 da 3 ya yi mini. Ta biyu na tare taɗiyar a karon farko a gaban mutane, na ɗaga shi, na ji wani daɗi da lantarki bai taɓa ba ni ba. Amma yaron nan ba ƙaramin mai kai ba ne. Da ya ga na fara durƙusawa, ya daina sakin ta gaba ɗaya. Sai ya ɗan yi motsi, in durƙusa don tsoro, ya sauke mini Orbital Heel a ka, dukan tsakiya ne, shi ma ɗagawa yake. Ashe tsoron taɗiyar ya shige ni har ya zama wata ƙofar. Sannan ya koma cin ƙafata da Hatchet Kick, wadda ido ba ya iya kama ta. Shi da bakinsa ya ce mini, "Yaya, wannan ba a ganin ta. Ka bar ta ta same ka, jini kaɗan take ci. Waccan ce ba a yarda ta taɓa mutum." Ɗan shekara 15 ne ya raba mini dukan ƙasa gida biyu, wanda ake gani a tare da wanda ake haƙuri da shi, abin da wata huɗu na kaɗaici bai koya mini ba.

A lokacin ne labarin Arslan Ash ya fara yi mini ma'ana. Ɗan Lahore ne a Pakistan, ƙasar da kafin 2019 ba a cika sa ta a lissafin manyan Tekken ba, ana ta maganar Koriya ta Kudu da Japan. A shekarar ya ci gasar gem ɗin faɗa ta EVO Japan, ya kuma je Las Vegas ya ci babbar EVO, inda ya doke Knee na Koriya a wasan ƙarshe. Da nake kallonsa a da, kombo nake nema. Da na sake kallo da sabon ido sai na ga mutum ne mai ja da baya, mai haƙuri, wanda ba ya barin kuskurenka ya wuce kyauta. Kuma a gidajen gem ya taso, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda suka san duk wata ɗabi'arsa. Mu da intanet ɗinmu ke sa wasan nesa ya riƙa sarƙewa, musamman a Tekken 7, muna da irin wannan arzikin a unguwa, muna raina shi. Wanda ke zaune kusa da kai zai gaya maka abin da ya gani a wasanka, in dai girman kai ya bar ka ka tambaya.

Sai maganar R1. Taɗiya tara rashin atisaye ne, amma waccan Rage Art ɗin zuciya ce zalla. Na cire ta daga maɓallin har wata biyu, duk sanda na yi ja sai in tilasta wa kaina tsayawa in kalli abin da mutum zai yi. Na lura cewa idan aka ci ni da abin da na raina, numfashina kan tsaya, in riƙe hannun gem kamar zan karya shi, kuma wasan da ke biye ma na riga na zubar da shi. Yanzu in aka ci ni wasa ba na danna a sake nan take. Ina komawa wajen zaɓen 'yan wasa ko da Kazuya zan sake ɗauka, in kurɓi ruwa, in tambayi kaina abu ɗaya: me ya fi samu na a wasan nan? Kalmar "abu ɗaya yake yi" kuwa na haramta wa bakina ita.

A gasar da aka yi ƙarshen shekarar mun sake haɗuwa da shi a zagayen 'yan takwas. Sau biyu ya gwada taɗiyar, sau biyu na tare na rama, na ci 2 da 1. Da aka gama hannuna rawa yake. A zagaye na gaba wani mai riƙe King, ɗan kokawar gem ɗin, ya kwashe ni da kamu, na fito na huɗu, na kuma san abin da zan naɗa a gurbin nan biyar washegari. Lantarkina ya ragu zuwa wajen shida cikin goma, ban damu ba.

Da Tekken 8 ya fito a Janairun 2024, abin da ya fi burge ni shi ne yadda za ka buɗe tsohon wasanka, ka tsayar da shi daidai inda ka yi kuskure, ka karɓi ɗan wasanka na daƙiƙa goma ka gwada abin da ya kamata ka yi. Ina amfani da shi kusan kullum. Amma bidiyon 2022 na waya ne, ba a shiga cikinsa. Duk kallon da zan yi masa, Bryan zai sunkuya ya juya, Kazuya na tsaye, in tashi da guntun jini, yatsana ya tafi kan R1.