Tambayar da na yi wata huɗu ban yi ba

Ina shekarata ta biyu a wata farmasi da ke Sabon Gari, nan Damagaram, wani dattijo ya fara zuwa sayen man kifi. Duk ƙarshen wata zai zo, ya zaro kuɗi daga aljihun gaba, ya ce, "Ɗana, ba ni ƙwayoyin nan masu ruwan zinariya." Na ƙanensa ne, in ji shi. Shawara ce ta kama shi, aka ce musu man kifi na wanke hanta. Ni kuwa sai in miƙa kwalba, in ce a sha bayan abinci. Wata huɗu muna haka, ban taɓa tambaya ko mai ciwon ya ga likita ba.

Ran da aka zo da shi cikin adaidaita na gan shi da idona. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, hannuwa sun rame, ciki ya kumbura yana sheƙi. Da rana tsaka yana gyangyaɗi, in an yi masa magana sai ya amsa abin da ba a tambaye shi ba. A takardar likita an rubuta laktuloz, wanda ni a sanina maganin taurin bayan gida ne kawai. Na tambayi uwar ɗakina mai farmasin, sai ta ce, "Hanji ake yi wa magani don a ceto kai." Bakteriyar hanji na samar da wata guba mai suna amoniya, hanta mai lafiya ta tace ta. In hanta ta gaza, amoniyar ta hau ƙwaƙwalwa, mutum ya rikice. Laktuloz na fitar da ita ta bayan gida.

Wannan magana ta sa na koma karatu da dare. Ashe jinin da ya fito daga hanji sai ya bi ta hanta kafin ya kai zuciya, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da hanta ke samu ta wannan hanyar yake zuwa. Barasa kuwa, ban da gubar da take zama a cikin hanta, tana sassauta bangon hanji, tana birkita bakteriyar da ke ciki. Sai dafinsu ya yoyo cikin jini, ya faɗa hanta, ta yi ta kumburi har ta yi tabo. A 2019 masu bincike a San Diyego ta Amurka sun wallafa a mujallar Nature cewa wata guba da bakteriyar Enterococcus faecalis ke fitarwa a hanji tana da alaƙa da yawan mutuwar masu kumburin hanta na barasa.

Batun man kifin ne ya fi tsaya mini a rai. Omega-3, wani nau'in mai da ke cikinsa, na rage kumburi, gaskiya ne, kuma a wasu gwaje-gwaje kan ɓeraye ya rage kitsen da barasa ke tarawa a hanta. Amma a wasu gwaje-gwajen na shekarun 1990, ɓerayen da aka haɗa wa man kifi da barasa hantarsu ta fi ta sauran lalacewa. Abin da ko a ɓeraye bai tsaya wuri ɗaya ba, shi nake miƙa wa mutum kamar waraka. Akwai ma man hantar kifi, mai bitamin A da yawa, wanda in ya taru shi kansa yana cutar da hanta.

Kada wani ya ɗauka duk mai ciwon hanta mashayi ne. A ƙasarmu hepatitis B ta yi yawa, mutane da dama sun ɗauke ta tun suna jarirai, ba su taɓa kusantar kwalba ba. Shi ya sa tambayar ko mutum na shan barasa ke da nauyi a baki.

Da dattijon ya dawo, na fito daga bayan kanta, na ja shi inuwar bedi, nesa da kunnen mutane. Na ce, "Baba, ka yi mini gafara, yana shan wani abu?" Ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Kowa ya sani a gida, ba mai faɗa." Sannan ya ɗago: "In ya bari, hantar za ta dawo?"

Na faɗa masa iyakar gaskiya. In kitse ne kawai, yakan narke cikin ƴan makonni bayan an daina. In tabo ya zauna, da wuya ya goge, amma dainawa na hana shi ci gaba, kuma mutum na iya ƙara shekaru. Na roƙe shi kada su yanke masa barasar dare ɗaya a gida, don wanda jikinsa ya saba yana iya kamuwa da karkarwa da farfaɗiya. Su gaya wa likita komai, ba ɓoye-ɓoye.

Ya ƙirga kuɗin laktuloz ya ba ni, ya mayar da na man kifin aljihu. Ya ce gobe da asuba shi da kansa zai raka shi.