Bayan an kai amarya aikina yake farawa

Mutane na ɗauka da an kai amarya mai hoto ya huta. Ina! A lokacin ne ma aikin yake somawa.

Bikin da na ɗauka makon jiya, ban taɓa komai ba sai da na kwafe katunan kyamara wuri biyu. Sannan na zauna tacewa, kamu daban, walima daban. A RAW nake ɗauka, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, saboda haka hoto ɗaya na gyara wa haske a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, na kwafa saitin ga sauran da aka ɗauka a ɗaki guda.

Bidiyon 4K kuwa, wato mai tsananin fitowa da nauyi, tsohuwar kwamfutata ba ta iya jan sa, sai na yi masa ƙananan kwafi a manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve na yanka da su. Sauti nake fara gyarawa kafin launi, domin ƙarar janareta ta kusa danne kiɗan ƙwarya.

Inda aka yi ja-in-ja shi ne fata. Gwaggon amarya ta ce, "Ɗan nan, ƙara mata haske mana." Na ce, "Gwaggo, a yi haƙuri." Yarinya baƙa kyakkyawa, lallenta ya fito ras, me zan ƙara? Na tura musu hotunan ta WhatsApp a matsayin fayil don kada ya rage ingancin.