Inda aka kwana: haɗa fayil ɗin ZIP ba tare da taɓa diski ba

'Yan'uwa masu koyon Python, ƙaramar manhajar sakamakon jarrabawa da nake rubutawa ta ɗan matsa gaba. Kowane ɗalibi yana da takardarsa, ni kuma so nake malami ya sauke su duka a ƙunshi guda. Ban ga amfanin rubuta fayiloli a diski, a tattara, a dawo a goge ba, alhali rubutun yana cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta tun farko.

Kayan aikin biyu ne, duk tare da Python suke zuwa: io.BytesIO, wanda yake aiki kamar fayil amma a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, da zipfile, mai haɗa ƙunshin ZIP. Za ka buɗe ZipFile a kan BytesIO da "w", sai ka riƙa kiran writestr kana ba shi sunan fayil da rubutun. Shi ke nan.

Amma ku kula, ZipFile ba ya matse komai sai an ce masa. Abin da yake yi da kansa shi ne ZIP_STORED, ya jera fayilolin yadda suke. Sai ka sa ZIP_DEFLATED. Tun daga Python 3.7 akwai compresslevel, wato ƙarfin matsewa, daga 0 zuwa 9, sai dai a gajeren rubutu ban ga ya taka rawar a zo a gani ba. Dalili kuwa, ZIP kowane fayil daban yake matsewa. Sunan makaranta da jerin darussan da ke maimaituwa a kowace takarda ba sa rage wa juna nauyi, ga kuma bayanan kai da ake liƙa wa kowane fayil. Ko ZIP ɗin da babu komai a ciki bayit 22 ne. Takarda mai layi biyu tana iya fitowa ta fi yadda ta shiga girma.

Kada kuma a kira getvalue, mai ɗebo abin da ke cikin BytesIO, kafin a rufe ZipFile. Jadawalin abin da ke ciki a ƙarshe ake rubuta shi, lokacin rufewa. In babu shi, ƙunshin ba zai buɗu ba. Ku yi aikin a cikin with, wanda yake rufe ZipFile da kansa, ku ɗebo bayan kun fita daga cikinsa.

Haruffanmu ƙ, ɗ, ɓ sun wuce lafiya, domin writestr da UTF-8 yake aiki. A fayil ɗin CSV (na jadawali) ne kawai Excel ke dagula su, sai na mayar da rubutun utf-8-sig, wato UTF-8 mai alamar da Excel ke ganewa a farkonsa, kafin in miƙa.

Abin da ya rage shi ne tura ƙunshin ta Flask, kayan gina manhajar yanar gizo na Python, da send_file. Can sai an yi seek(0) tukuna, wato a koma farkon BytesIO, in ba haka ba fayil ɗin da babu komai malami zai sauke.